Mai son karatun injiniyan gine-gine, kwangila daban aikin injiniya daban

Duk shekara idan aka buɗe rajistar JAMB, yaran da suka fi iya lissafi a ajinsu sukan rabu gida biyu: masu son likitanci da masu son a kira su Injiniya. A kashi na biyun, fannin da ake ce wa sibil, wato na gine-gine da tituna da gadoji da madatsun ruwa, ya fi kowanne farin jini a wurin iyaye. Uba ya ga ɗan kwangila ya shimfiɗa kwalta ya sayi babbar mota, sai ya ɗauka karatun ne ya kawo kuɗin. Ba haka abin yake ba. Kwangila jari take so da sanin manya, kuma da yawa daga masu samunta ba su taɓa zama a ajin injiniya ba. Injiniya shi ne wanda ake ɗauka ya lissafa, ya duba, ya sa hannu, sannan idan gini ya rufta shi za a fara nema. Duk wanda zai shiga wannan fanni ya shiga da sanin cewa sa hannunsa ne jarinsa.

Hanyar kanta ba ɓoyayya ba ce. Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri a JAMB, sannan shekara 5 a jami'a. Akwai sashen a ABU Zariya, da Bayero ta Kano, da ATBU Bauchi, da FUT Minna, da Jami'ar Maiduguri, ga kuma hanyar kwalejin fasaha irin Kaduna Polytechnic ga wanda zai bi ta difloma. Abin da ɗalibai ba su cika tambaya ba shi ne ko COREN, hukumar da aka kafa a 1970 don kula da aikin injiniya a Najeriya, ta amince da sashen da za su shiga. A tambaya tun kafin a biya kuɗin makaranta. Kuma digiri kaɗai ba ya ba mutum ikon buga hatimi a kan zane; sai ya yi shekara 4 yana aiki a ƙarƙashin waɗanda suka riga shi kafin ya nemi rajista. Shekarun nan na wahala ne, albashi ba yabo ba fallasa, wani lokacin ma fallasar ce.

Shawarata ga yaron da ke SS3 ita ce ya nemi wurin da ake zuba dakin, wato kankaren saman bene, ya wuni a can. Zai ga an fara tun da sanyin safiya, injin kwaɓa kankare yana ruri, leburori na hawa da kwanon siminti a ka, kafinta na ƙarƙashi yana duba ko katakon da ya tokara zai ɗauki nauyin. Zai ga injiniya ya tsuguna da ma'auni yana auna tazarar rodi, yana duba ko an sa ƴan duwatsun da ke ɗaga rodin daga katako don kankare ya lulluɓe shi, domin rodin da ya leƙo waje tsatsa ce za ta cinye shi. Can da rana, idan hannu ya gaji, mai kwaɓi zai ƙara ruwa don abin ya yi saurin zuba, kuma ruwan nan da ya wuce ƙima shi ke rage wa kankare ƙarfi. Injiniya ya ɗebi samfur a ƴan akwatunan ƙarfe, a kai ɗakin gwaji a matse shi bayan kwana 7 da kuma bayan kwana 28. Idan yaro ya wuni a ranar nan da ƙurar nan ya dawo gida yana tambayar dalilin kowane abu, to ya cika fom. Idan inuwa kawai ya yi ta nema, fannoni suna da yawa.

A irin wannan wurin ne kuma ake jarraba mutum. Mai gida zai ja shi gefe: "Injiniya, ka ga yadda rodi ya yi tsada, a sa mai kaurin milimita 12 a maimakon mai 16 mana, ai ginin maƙwabcina haka aka yi kuma yana nan tsaye." Birkilan da ya shekara talatin a sana'a zai goyi bayansa, ya ce yaran boko tsoro ya yi musu yawa. Matashin da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, ga haya ga aure a gaba, zai iya cewa a'a? Babu darasin da ke koyar da wannan a jami'a, amma a kansa rayuka suke. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021 ya kashe fiye da mutum 40. A Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta wa ɗalibai a Jos suna cikin aji. Ba ina cewa a raina birkila ba, don ya san abubuwan da ba sa cikin littafi, kuma injiniyan da ya shigo da girman kai ba zai ji daɗin aiki ba. Amma nauyin da ginshiƙi zai ɗauka lissafi ne, ba a yin ciniki a kansa.

Galibin ɗalibai idanunsu na kan dogayen benaye da manyan kamfanoni irin Julius Berger da CCECC, ko aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da Mota-Engil ke yi. Waɗannan wuraren koyon aiki ne masu kyau ga wanda ya samu shiga, sai dai aiki ne mai ƙarewa: an gama titi, an sallami ma'aikata. Ni a ganina aikin da ba zai ƙare ba a Arewa shi ne na ruwa, kuma shi ne ɗalibai suka fi gudu. Madatsar Kainji ta 1968 ce. Tiga an gama ta a 1974, zamanin Audu Bako. Bakolori da Goronyo da Challawa duk sun manyanta. Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a 1988, na Alau kuma ya ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, shekara 30 bayan ambaliyar 1994 daga wannan dam ɗin. Duba lafiyar madatsa, auna yashin da ya cike ta, gyara ƙofofinta, tsara magudanan ruwa a unguwannin da aka yanka filaye ba tare da lambatu ba, duk aikin injiniyan sibil ne. Babu mai yanke kintinkiri a kansa, shi ya sa ba shi da farin jini wurin ƴan siyasa, amma kowace damina tana ƙara nuna cewa dole a nemi masu yinsa.

Haka ma ilimin ƙasa. A sassan Borno da Gombe da Adamawa akwai baƙar ƙasar nan mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, wadda ke karya titi da harsashin gini in ba a san yadda za a bi da ita ba. Wanda ya ƙware a gwajin ƙasa ba ya rasa mai nemansa, don kowane aiki daga nan yake farawa.

Ƴan mata kuma kada a tsorata su da cewa aikin maza ne. Ƙungiyar Injiniyoyin Najeriya, da aka kafa tun 1958, ta samu shugaba mace ta farko, Margaret Oguntala, a 2024, kuma zane da lissafi da gwaji ba sa tambayar jinsi.

Ga wanda ya riga ya shiga, watanni 6 na SIWES, wato horon aiki a wajen makaranta, a aji huɗu na jami'a sun fi kowane zango daraja. Kada a ɓata su a ofishin da kawu ya samo, inda za a riƙa sa hannu a littafi ana komawa gida. A nemi wurin da ake haƙa harsashi ko ɗakin gwajin ƙasa da kankare, ko da ba a biyan ko sisi. A koyi manhajar zane ta AutoCAD da ta lissafi ta Excel da amfani da na'urar safiyo kafin a gama, domin su ake fara tambaya a wurin ɗaukar aiki. Idan lokacin zaɓen aikin bincike na ƙarshe ya zo, a ɗauki kwalbatin da ke toshewa a unguwa ko dam ɗin da ke kusa da gari, a je a auna da hannu.