Kafin yaronku ya tafi Daffo, ku san abin da zai sa wa hannu

Duk lokacin da rundunar sojan ƙasa ta buɗe shafin ɗaukar kurata, shagunan kwamfuta na Gumel da Ringim da Bichi da Rano sukan cika da samarin ƙauye, kowa da takardunsa a leda. In hafsa ya tambaye su abin da ya kawo su, amsar ɗaya ce, kishin ƙasa. Gaskiya suka faɗa, sai dai da saura. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki sun fi goma a kanta, rabon gado ya mayar da ita 'yan kunyoyi. A kwarin Haɗeja ambaliya takan cinye shinkafa ana dab da yanka, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Acaɓar da ke rufa wa ɗan ci-rani asiri an hana ɗaukar fasinja da ita a birnin Kano tun 2013, Legas ma ta ƙara tsananta nata hanin a 2022. Yaron da ya gama sakandare a irin wannan hali, aikin da ake biya duk ƙarshen wata, da ɗaki a bariki, da asibiti, da fansho, ba abin rainawa ba ne a wurinsa.

Akwai kuma darajar kaki. Tun zamanin mazan jiya da suka je yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, gidan da ke da soja ana shakkar taɓa shi. Sannan ga dalilin da ya fi ciwo: tun da 'yan bindiga suka fara ƙetarowa daga Katsina suna afka wa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a 2025, akwai samarin da zuciya ce kawai ke tura su, suna so su riƙe bindiga da izinin hukuma.

A nan Amurka inda nake zaune, dalilan ba su da nisa da namu. Tun 1973 aka daina tilasta wa kowa shiga soja, kuma masu kai kansu da yawa 'ya'yan ƙananan garuruwa ne, musamman a kudancin ƙasar, inda masana'antu suka rufe. Kusan takwas cikin goma na sababbin kuratansu suna da ɗan'uwa da ya taɓa sa kaki, kamar dai yadda namu ke bin sawun kawu ko yaya. Yaro zai gaya maka kai tsaye cewa kuɗin jami'a da inshorar lafiya suka kawo shi, ba mai ganin ya rage kishin ƙasa. Baƙi masu takardar zama ta dindindin, har da 'yan Afirka ta Yamma, suna shiga don a gaggauta ba su ɗan ƙasa. Ni ban ga aibu a wannan ba, can ko gida. Wanda zai ba da ransa jingina yana da haƙƙin ya tambayi abin da za a ba shi.

Inda muka rabu da su shi ne wurin sanin sharaɗi. Yaron Amurka yakan fara da zama da jami'in ɗaukar soja, a ofishin da galibi ke cikin layin shaguna na garinsu. Zai yi jarrabawar gwada basira, makin da ya ci shi ke nuna sana'o'in da zai iya zaɓa: makanikan jirgi, aikin jinya, sadarwa, tuƙin manyan motoci ko sojan ƙafa. Sana'ar da ya zaɓa ana rubuta ta a yarjejeniya kafin ya yi rantsuwa. Ya san wajibinsa shekara 8 ne, yawanci 4 a bakin aiki, sauran a jerin 'yan ko-ta-kwana. Ya san horon farko na sojan ƙasa mako 10 ne. Albashin sabon kurtu a 2024 wajen dala 2,000 ne a wata, wanda a can ƙaramin kuɗi ne, amma abin da ke bayansa ya fi shi: in ya cika shekara 3, dokar da suke kira GI Bill za ta biya masa karatun wata 36 a jami'ar gwamnati ta jiharsa, da kuɗin haya. Zai iya cin bashin sayen gida ba tare da kafin alƙalami ba. In ya mutu a bakin aiki, iyalinsa na da dala 100,000 ta gaggawa, da inshorar rai da ta kai dala 500,000. Duk wannan a rubuce yake, uwarsa ma za ta iya karantawa kafin ta amince.

Ba wai can aljanna ba ce. Iraƙi da Afganistan sun dawo musu da dubban matasa da raunin jiki da na ƙwaƙwalwa, kuma har yau akwai tsofaffin sojoji masu kwana a titi. Da mutane suka yi lissafi suka ja baya, a 2022 sojan ƙasarsu ya nemi kurata 60,000, ya rasa kusan 15,000. Amma ko wannan ja da bayan, da sani aka yi shi.

Namu yaron kuwa, yawanci da jita-jitar majalisa yake tunkarar abin, shi ya sa da yawa ke faɗuwa tun kafin a kai ga gudu. Sharuɗɗan da rundunar ke bugawa a 'yan shekarun nan a bayyane suke. Mai shiga ba da sana'a ba, shekara 18 zuwa 22. Mai shaidar sana'a kamar makanike, magini, tela, direba ko ma'aikacin lafiya, har zuwa 26. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.68. Darussa huɗu aƙalla a WAEC ko NECO ko NABTEB, ciki har da Turanci, a zama da bai wuce biyu ba. Sai lambar NIN da BVN, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, da fom ɗin iyaye da na mai tsaya masa. Kuma ya kasance ba shi da aure.

Shekaru su ne tarkon farko. Yaron ƙauye da ya fara da makarantar allo, ya shiga firamare yana da tara ko goma, zai gama sakandare yana da 21 ko 22. Ƙofar a buɗe take gare shi sau ɗaya ko biyu kacal. Daga nan sai a ba shi shawarar rage shekaru, a je kotu a yi rantsuwa, alhali NIN na ɗauke da wata ranar haihuwa, takardar WAEC na ɗauke da wata. A wurin tantancewa jera takardun ake yi a kan tebur, da zarar sun saɓa an gama da shi. Hanyar da ta fi ita ce ya nemi shaidar gwajin sana'a ta gwamnati a kan abin da ya riga ya iya, ya shiga layin masu sana'a, ya sami ƙarin shekara huɗu ba tare da ƙarya ba.

Suna ma haka. Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, Mamman a ta uku. A nan sunan uba ne na biyu, a can sunan gari. Mai shagon kwamfuta yana cike wa mutum hamsin a rana, ba zai tsaya dubawa ba. Gyaran NIN yana cin kuɗi da makonni, shafin kuwa 'yan makonni yake yi a buɗe. Uban da ke son ɗansa ya shiga, ya zaunar da wani malamin makaranta su jera takardun nan tun yaro yana aji biyar na sakandare.

Sai likita. Ana duba jini da fitsari, ido da kunne, ƙirji, da yanayin ƙafa. Ciwon hanta nau'in B yana da yawa a ƙauyukanmu kuma mai shi yakan yi shekaru bai sani ba, sai a filin tantancewa ya ji. Gwaiwa, gwame mai tsanani da shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa suna mayar da mutum gida. Wiwi da taramol da kodin suna fitowa a fitsari, kuma shan ruwa da yawa ranar gwaji ba ya ɓoye su. Gwajin hanta a babban asibitin ƙaramar hukuma bai kai kuɗin motar zuwa Dutse ko Kano da dawowa ba, a fara da shi. Gwaiwa kuwa aiki ake yi mata ta warke, in an yi da wuri.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kuɗin da ake karɓa. Fom kyauta ne, rundunar tana nanata haka a kowace sanarwa. Duk da haka ana sayar da ɗan sa, ana jinginar da gona, ana kwashe kuɗin riɗin bana a miƙa wa wani wai yana da hanya a Abuja. Ga yadda damfarar ke aiki: gurabe jiha-jiha ake raba su bisa tsarin raba-daidai na tarayya, don haka Kano mai ƙananan hukumomi 44 da Jigawa mai 27 suna da masu nema fiye da gurbi nesa ba kusa ba. Ɗan damfara zai karɓi kuɗin mutum ashirin, bai yi komai ba. In biyu sun ci da ƙoƙarinsu, ya ce aikinsa ne. Sauran ya ce su jira zagaye na gaba. Wani ma takardar gayyata ta bogi zai buga wa yaro, ya hau mota har ƙofar barikin Chindit a Zariya, a can a kama shi.

Wanda ya tsallake duk wannan zai yi wajen wata shida a Daffo, gidan horon da ke Zariya tun 1924, ya fito farabiti. Sashen da za a kai shi ba shi ke da ta cewa ba, haka ma wurin aiki. Wanda ya shiga don ya tsare ƙauyensu ya san da wannan: ana iya tura shi Barno ƙarƙashin rundunar Haɗin Kai, ko Zamfara ƙarƙashin rundunar Fansan Yamma, ko can kudu bakin bututun mai. Babban hafsan tsaro na lokacin da bakinsa ya ce albashin ƙaramin soja bai wuce wajen naira 50,000 ba, kafin gyaran da ya biyo bayan sabon mafi ƙarancin albashi na 2024, kuma a kan wannan kuɗi gida guda ke ɗora buri. Aikin ba a barinsa don an gaji. A Disamba 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa kan ƙin fita yaƙi, bayan sun koka da rashin makamai, sai daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 10. Ya kamata yaro ya ji wannan daga bakin babansa kafin ya ji shi a bariki.

Mai ƙoƙarin karatu kuma, a daina tura shi layin kurata kai tsaye. Wanda ke da kiredit biyar da Turanci da Lissafi, kuma bai wuce shekarun da ake nema ba, zai iya zaɓar NDA, makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, a JAMB, ya yi shekara biyar ya fito da digiri da anini ɗaya a kafaɗa. 'Ya'yan birni sun san wannan hanya. A ƙauye sau da yawa ba wanda ya taɓa faɗa wa yaron.

Ba sai mun sami dalolin Amurka za mu kwaikwayi abin da suka yi daidai ba. Takarda ɗaya da Hausa, da boko da ajami, mai ɗauke da albashi, alawus, shekarun aiki, sharaɗin fita, da abin da iyali za su samu in ta Allah ta kasance, a liƙa a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma da ƙofar hakimi da dagaci, a karanta a rediyo duk lokacin ɗauka. Ƙananan hukumomi su tara masu nema wata uku kafin lokaci, a auna tsawo, a gwada jini, a duba takardu, tsofaffin saje da samanja da ke zaune a garuruwan su koya musu gudu.

Iyaye kuma ku tsaya a kan fom ɗin magaji. Sunan da soja ya rubuta shi hukuma ke nema ranar biyan haƙƙi. Yaro yakan rubuta yayansa ranar shiga, ya yi aure ya haihu bai sauya ba, ranar da ya faɗi a bakin daga matarsa da 'ya'yansa su rasa ta inda za su fara, rigima ta ɓarke tsakanin dangi. Duk zuwansa hutu a tambaye shi ko ya sabunta, ya shigar da sunan mata da na kowane ɗa a fayil ɗinsa, ya bar kwafin lambar aikinsa da sunan bataliyarsa a hannun mahaifinsa, kuma ya sanar da wanda ya rubuta cewa amana ce za a raba wa magada yadda shari'a ta tsara.