Wilin keke a silin falo

Uwargida ce ta je suna gidan wata ƙawarta a Malali, nan Kaduna, ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta miƙo min waya. "Maigida, dubi fitilar falonsu. Shandaliya ake ce mata." Wata aba ce mai gilasai reto-reto, sai ƙyalli take. Na ɗaga kai na dubi tamu: ƙwai ɗaya tal yana lilo a jikin waya, ƙudaje sun gama yi masa zane.

Ranar Asabar muka shiga wani shago a titin Ahmadu Bello. Yaron shago ya ce naira 350,000. Na ce har da janareta? Ko murmushi bai yi ba. Na ja uwargida waje na ce ta ba ni mako guda, ai abin ƙarfe ne da gilashi, kuma Allah Ya yi mu a garin da ke da Panteka.

A Panteka na sayi tsohon wilin keke, mai walda ya liƙa masa sarƙa da mazaunin ƙwai shida, aka fesa masa fenti ruwan gwal. Na biya Kasuwar Barci na auno duwatsun ado na roba, irin na ɗinkin amare. Dare uku ina zura su a zaren roba, yara na tsince waɗanda suka gangara ƙarƙashin kujera. Duka-duka 18,000 na kashe.

Mai gyaran wuta ya gargaɗe ni: "Oga, ka sa ƙwan LED mai wat 5, ba ya zafi." Na ce to. Amma ina da tsofaffin ƙwayaye masu wat 100 a durowa, kuma ni ba na ganin abu yana aiki in sayi wani. Yana fita na ɗaura su. Wat 600 ke nan a tsakiyar roba.

Kwana biyu babu wuta a layinmu, sai ranar da surukina ya zo daga Zariya. An dama masa fura, ya zauna daidai ƙarƙashin fitilar, sai yaran unguwa suka ɗauki ihun "NEPA!" Falo ya haske kamar filin wasa na Ahmadu Bello. Fanka ta tashi, wilina ya tuna asalinsa, ya fara juyawa. Minti goma ba a yi ba ƙauri ya cika ɗaki, zare ya fara saki. Ɗis! Dutse ɗaya a cikin furar Baba. Ɗis, ɗis!

Baba ya sa ludayi ya tsamo guda uku, ya jera su a kan faifai, ya daɗe yana kallon sama.

"Yaro, sauran keken fa?"

Na ce, "Baba, ana kan haɗawa."

Washegari uwargida da kanta ta sayo kwandon kaba na 2,500, ta huda gindinsa, aka kife shi a kan ƙwan LED guda. Da dare haske na tsiyayowa ta ramukan saƙar, ya zana bango gwanin sha'awa. Ƙawar tata ta Malali ta zo ta tambayi inda aka samo shi, ina daga ɗaki na ji an ce, "Oda muka yi."

Wilin kuwa yana hannun ɗana, yana gare da shi a layi, ruwan gwal ɗinsa da komai.