Zaɓen ƙananan hukumomi: tun kafin a dangwala an san ciyaman

Wai don Allah wa ya yi mamaki da KANSIEC, hukumar zaɓen jihar Kano, ta ce NNPP ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 kaf a zaɓen 26 ga Oktoba 2024? Ai a 2021 lokacin Ganduje haka APC ta kwashe su duka ba ta bar wa kowa ko ɗaya ba, kuma maƙwabtanmu na Jigawa a Oktoban 2024 ɗin APC ce ta ɗauke ƙananan hukumomi 27 gaba ɗaya. Kenan ba maganar jar hula ko tsintsiya ba ce, duk wanda ke gidan gwamnati shi ke naɗa hukumar zaɓen jiha, shi kuma ke ci.

Ni abin da ke damuna ma ba alƙaluman ba ne. Ka je ƙauyukan Sumaila ko Tudun Wada ka tambayi manomi yaushe aka zaɓi kansilansa, zai ce maka ranar da manya suka zauna suka yi maslaha aka ba wane takara, daga nan magana ta ƙare, ranar zaɓe kuwa mutane na gona suna yankan shinkafa da roron wake, to wa zai bar amfaninsa ya je bin layin da sakamakonsa na aljihun wani. Shi kuma kansilan ya san sarai wanda ya ba shi kujera, don haka idan burtsatsen gari ya lalace ko rufin ajin firamare ya yaye ba dagaci yake jin tsoro ba, ba ƴan mazaɓa ba, maigidansa na birni yake kallo.

Kotun ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, an yi ta murna. Amma fa ko kuɗin ya shigo asusun ciyaman, mutumin da gwamna ya ɗora zai iya ce masa a'a? Da kamar wuya.

Wasu na cewa a miƙa wa INEC zaɓen kawai. INEC ɗin ma tana da nata tabon, kowa ya sani, sai dai aƙalla a zaɓenta mun ga jam'iyya mai mulki ta faɗi a Kano a 2023. A gyara kundin tsarin mulki a karɓe zaɓen daga hannun gwamnoni, in ya so sai mu yi rigimar sauran daga baya.