Ba duk Mustang ba ne ke da injin Merlin

Malam marubuci, akwai gyara inda ka ce P-51 Mustang, jirgin yaƙin Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu, tun fitowarsa da injin Merlin na kamfanin Rolls-Royce na Ingila yake tashi. Na farko-farkon, har zuwa P-51A, injin Allison V-1710 ke gare su. Inji ne mai ƙwari, sai dai na'urar da ke cusa masa iska mataki ɗaya ce, da jirgin ya haura ƙafa 15,000 sai numfashinsa ya fara yankewa. Shi ya sa Turawan Ingila suka riƙa amfani da shi ƙasa-ƙasa wajen leƙen asiri. A 1942 aka gwada sa masa Merlin mai mataki biyu, daga nan aka samu P-51B da C, da injin Merlin da kamfanin Packard ya ƙera a Amurka, V-1650-3. B da C kusan abu ɗaya ne, masana'anta ce ta bambanta: B a garin Inglewood, C a garin Dallas. Ko a hoto za ka gane, na Allison fiffiken farfelarsa uku, na Merlin huɗu.

B ɗin fa yana da nasa ciwon. Bindigoginsa huɗu a karkace suke cikin fiffike, in matuƙi ya yi kwana mai tsanani sai harsashi ya sarƙe. A samfurin D aka miƙar da su, aka mayar da su shida. Sai kuma tankin galan 85 da ke bayan kujerar matuƙi: in yana cike, nauyi ya koma baya, jirgin ya ƙi jin linzami, dole a fara shan mansa kafin a shiga faɗa.