Wane Malami Ya Haɗa Miki?

A gidan wata abokiyar aikina da ke Barnawa a Kaduna na fara ganin abin, ana gab da Kirsimeti. Zagayayye ne kamar gammo, an rataye shi a ƙofar falo, an jera masa busasshen lemo da sandunan kirfa, ƙamshi na tarbar mutum tun daga baranda. Ta ce haka ake yi wa ƙofa ado a Ingila da Amurka idan shekara ta zo ƙarshe. Ni kuwa idona ba ya ganin abu ya ƙyale. Na ce a raina, wannan ai ba sai an shiga aji ba.

Na faɗa Kasuwar Sheikh Gumi na sayi lemon Binuwai, sannan na tsaya wurin mai kayan ƙamshi. Na ce ya zaɓo mini kirfa dogaye waɗanda ba su karye ba, da kanumfari mai kai, da busasshiyar cittar Kaciya. Ya ɗago ya dube ni.

"Hajiya, haihuwa aka yi?"

Na ce a'a, ado zan yi wa ƙofa.

"To, Allah ya raya," in ji shi, ya ci gaba da awo.

Ka'idar aikin ita ce a yanka lemon siriri, kaurinsa kada ya wuce rabin santimita, a tsane ruwan da tsumma, a sa a oben da wuta ƙasa-ƙasa na awa 3 zuwa 4 ana juyawa. Mu kuwa a layinmu na Tudun Wada, ranar da wuta ta yi awa guda sai maƙwabta su yi wa juna barka. Sai na jera a faifai na ɗora kan katanga. Hunturun da ke tsaga leɓe da diddige ai lemo ba zai gagare shi ba. Ya kuwa bushe ƙamas, haske na ratsa shi, sai dai ƙura ta yi masa hoda. Da tsohon buroshin haƙori na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na lanƙwasa wayar rataye kaya, na naɗe ta da igiyar rama, na ɗinke lemon da allura. Kirfar na ɗaure ta uku-uku da jan zare, don shi kaɗai na samu a gwangwanin ɗinki. Kanumfarin ne ya ba ni wuya: sai an huda ɓawon kafin a soka, babban yatsana har ya yi kanta. Amma da na rataye, wallahi ya yi kyau, tsakar gida duk ta ɗauki ƙamshi.

Maigida ya dawo bayan magariba. Na ji sallama, ban ga mutum ba. Da na leƙo sai na same shi ya ja da baya, yana haska abin da fitilar waya, bakinsa na motsi.

"Ke, ni na ce miki zan ƙara aure?"

Na yi bayani har da Ingila. Ya ce ya ji, amma me ya kawo jan zare, kuma me ya sa uku-uku? A ƙarshe ta gefe ya raɓa ya shige, yana kare hularsa kada ta taɓa.

Bayan isha'i Maman 'yan biyu ta shigo aron ashana, ga ashana kuwa a hannunta. Ta sassauta murya: "Don girman Allah, 'yar'uwa, wane malami ya haɗa miki? Nawa mutumin ya fara yawan fesa turare da yamma." Na rantse mata ado ne. Ta ce ba komai, ita ma da ita ce ba za ta faɗa da wuri ba.

Sai ga surukata daga Zariya. Ita ba ta ga asiri ba, asara ta gani. Ta sa hanci, ta tafa hannu.

"Yau na ga abin da ya ishe ni! Kanumfari da tsadarsa ake ratayewa ƙura na ci?"

Na ce, "Hajiya, na kallo ne."

Ta ce a gidansu ba a kallon abinci. Kafin in idar da sallar asuba ta kwance kirfar, ta tsince kanumfarin tas, cittar tana cikin turmi. Shayin dai ya yi daɗi, ba zan ci hakkinsa ba. Maigida har ƙari ya nema, bai tambayi daga inda kayan suka fito ba, ni ma ban ce uffan ba.

Abin da ya rage waya ce da lemo, kiyashi sun yi layi a kai. Na ciro zan kai bola, Maman 'yan biyu ta tare ni a zaure ta karɓe, ta tura cikin hijabi.

Makon nan labari ya zo cewa an fasa auren mijinta. An ce iyayen yarinyar ne suka tsawwala kayan lefe, amma a layinmu babu mai son jin wannan. Da safen nan wata baiwar Allah da ban taɓa gani ba ta yi sallama, wai daga Rigasa take, da jan zarenta a leda da zakara a hammata. Ta ce nata mijin har an sa rana, ko akwai mai ƙarfi wanda ake ɗaurawa bakwai-bakwai?