Wa ke da alhakin lafiyar ɗalibi a makarantun Maraɗi?

Ranar Litinin 8 ga Nuwamban 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na makarantar firamare ta AFN da ke cikin birnin Maraɗi, ta hallaka yara aƙalla 25, mafi yawansu ƴan shekara biyar zuwa shida. Wata bakwai kafin nan, ranar 13 ga Afrilu, irin wannan masifa ta auku a unguwar Pays-Bas ta Yamai, inda yara kimanin 20 suka rasu. An yi makoki na kwana uku a jahar Maraɗi, majalisar ministoci kuma ta hana zaunar da ƙananan yara ƴan ajin share fage a cikin azuzuwan zana a duk faɗin ƙasa. Allah ya sa masu ceto ne, ya ƙara wa iyayensu haƙuri.

Tun daga lokacin, duk sa'ad da aka tada zancen kare rayukan ɗalibai, maganar gini ce ke cinye zaman, kuma ba laifi ba ne, tunda hukumomin wancan lokaci da kansu sun ƙiyasta azuzuwan zana a Nijar sun kai kimanin 36,000. Adadi irin wannan ba ya gushewa a shekara ɗaya ko biyar, saboda haka kafin siminti ya iso akwai abubuwan da ba su buƙatar komai sai kula: a bar fili tsakanin rumfa da rumfa maimakon a jera su manne da juna, a buɗe wa kowace ƙofa biyu, a nisanta murhun masu sayar da abinci, a kuma koya wa yara yadda za su fita ba tare da turereniya ba. Amma ra'ayina shi ne, ko da an wayi gari kowane aji na bulo ne, akwai giɓin da zai saura, kuma shi ne yake cin yara a kullum ba tare da rediyo ta ba da labari ba. A yawancin makarantunmu babu wani mutum guda da za a nuna a ce lafiyar ɗalibai tana wuyansa.

A duba yadda tsarin kiwon lafiyar ƙasar nan yake. Tun 2006 gwamnati ta ayyana magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, ko da yake kowa ya san yadda jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya raunana wannan alkawari. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana rabawa da damina, shi ma an tsara shi ne domin yara daga wata 3 zuwa wata 59. Dalilin haka a fili yake, domin a wannan shekarun ne mutuwa ta fi yawa. Sai dai yaro yana shiga ajin farko na firamare yana ɗan shekara shida ko bakwai, wato daidai lokacin da hannun asibiti ya sake shi, makaranta kuwa ba a tanadar mata komai da za ta karɓe shi da shi ba. Abin da yakan samu shi ne maganin tsutsar ciki da na tsargiya idan an zo rabo, wanda ke da amfani ƙwarai ga yaran da ke wanka a Gulbin Maraɗi da tafkin Madarunfa, amma rabo ne na rana ɗaya, masu yinsa su wuce.

Ana komawa makaranta a watan Oktoba, lokacin da zazzaɓi bai gama barin gari ba. Duk wanda ya taɓa leƙa aji a wannan wata wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe ya san abin da ake gani. Yaro ya kifa kai a kan tebur, ko ya naɗe a kan tabarma idan ajin ba shi da tebur, malami ya taɓa goshinsa ya ji zafi rau, sai ya kira wani ɗalibi da suke unguwa ɗaya ya ce ya raka shi gida. A gida uwa ta tafi kasuwa, uba yana gona wajen girbi, in an yi sa'a akwai kaka da za ta aika a sayo ƙwaya biyu wajen mai tallan magani a bakin hanya. Ba wanda ya rubuta sunan yaron, ba wanda zai tambaya gobe ko an kai shi an yi masa gwajin jini, idan kuma ya yi mako biyu bai dawo ba sai a sa shi cikin masu fashi. Ban ga laifin malamin ba, domin mutumin da ke fama da yara sittin ko tamanin shi kaɗai, wataƙila ma ɗan kwantaragi ne da ke jiran albashinsa, ya yi iyakar abin da aka ba shi ikon yi.

Batun ruwa ya fi wannan muni. A makarantu da yawa ruwan sha randa ce guda a kusurwar aji da moɗa ɗaya da kowa ke tsomawa, a wasu kuma ko randar babu, sai abin da yaro ya ɗauko daga gida a cikin gora, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40. Jahar da kwalara ta ɓarke a cikinta a watan Yulin 2018, daga yankin Madarunfa, ta kuma sake dawowa a 2021, bai kamata ta ɗauki wanke hannu a makaranta a matsayin ƙawa ba. Makewayi kuwa, inda aka gina shi, sau da yawa ƙofar ta ɓalle, ba ruwa, ba a raba na maza da na mata ba. Ƙaramin yaro yakan zagaya bayan katanga ya biya buƙatarsa. Yarinyar da ta fara al'ada ba ta da wannan zaɓi, sai ta zauna gida kwana uku ko huɗu kowane wata, karatu ya wuce ta, sakamako ya lalace, daga nan kuma masu cewa gara a yi mata aure su samu hujja. A watan Disamban 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ƴaƴa mata, kuma doka ce mai kyau, amma a nan Maraɗi, inda aurar da yara da wuri ya yi yawa, ƙofar makewayi mai sakata tana daga cikin abubuwan da ke tabbatar da dokar ko su rusa ta.

Sanƙarau ma yana nan yana jiran rani da ƙurarsa. A watan Afrilun 2015 sai da aka rufe makarantun Yamai na wasu kwanaki saboda shi, kuma aji mai cunkoso wuri ne da ya fi saurin yaɗuwa.

Za a ce babu kuɗin da za a saka ma'aikacin jinya a kowace makaranta, kuma gaskiya ne, domin asibitocin kansu ba su da isassun ma'aikata. Ba shi nake nema ba, haka kuma ba na goyon bayan a mai da malamai masu raba magani, don wannan hatsari ne na daban. Abin da ya dace shi ne a ɗaure kowace makaranta da cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa da ita, a rubuce, da sa hannun daraktan makarantar da na majo, wato shugaban cibiyar. A zaɓi malami ɗaya, da malama ɗaya inda akwai ƴan mata manya, a horar da su na ƴan kwanaki kan alamomin da ba a jira da su: zazzaɓi mai zafi da jijjiga, sanƙarewar wuya, gudawa kamar ruwan shinkafa, suma saboda zafi. A ba su littafi da za su riƙa rubuta sunan duk yaron da aka sallama don rashin lafiya, da lambar wayar iyayensa, da takardar da zai nuna a cibiyar don a gan shi ba tare da dogon layi ba. Ma'aikacin cibiyar kuma ya riƙa ziyartar makarantar ko da sau ɗaya a zango, ya duba littafin, ya duba idanu da kunnuwan ƴan ajin farko, domin akwai yaran da ake yi wa kallon daƙiƙai alhali allon ne ba su gani. Littafin nan kaɗai ya isa ya faɗakar da cibiya cewa yara biyar daga aji ɗaya sun kwanta da gudawa cikin kwana biyu, tun kafin abin ya zama annoba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a 2022, ta buɗe ƙofar ba yara masu shekarun makaranta maganin rigakafin zazzaɓi a wuraren da cutar ta yi ƙamari, kuma ya kamata ma'aikatar lafiya ta duba ko hakan zai yiwu a kudancin jahar nan.

Sauran aikin na kusa ne. Kwamitocin kula da makarantu, wato COGES, da ƙungiyoyin iyaye da na uwaye suna tara kuɗi kowace shekara don sayen zana da alli, kuma babu abin da zai hana su ware wani kaso don sabulu, da butoci, da kuɗin kabu-kabu na gaggawa zuwa asibiti. Maraɗi gari ne na alhazai ƴan kasuwa da ba a san su da rowa ba wajen gina masallatai da haƙa rijiyoyi, kuma da malamanmu za su riƙa tuna musu a wa'azi cewa famfo a makarantar gwamnati sadaka ce mai gudana, da an ga canji a unguwannin Bagalam da Zariya da ƙauyukan Gidan Rumji. Ofisoshin magadan gari kuwa, da suke karɓar haraji a kasuwanni da tashoshi, su ne ya kamata su ƙidaya makarantun da ba su da ruwa da makewayi a yankinsu, su kafe jerin sunayen a bainar jama'a kafin komawa karatu, su kuma faɗi guda nawa za su gyara a cikin kasafin shekarar.