Ɗan ajiye wayar nan ka kalli sama

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa. Maganar nan ta daɗe tana cina, kuma kafin na faɗa wa kowa kaina na fara faɗa wa, don nima ina cikin masu laifin dumu-dumu.

Kwanaki naje ƙauyenmu gaida tsohuwa, aka yi rashin sa'a wayata ta mutu ba wuta ba inda zan yi caji, bayan isha'i na shimfiɗa tabarma a tsakar gida ina ta tsaki ni kaɗai. Sai tsohuwa ta nuna sama tace kai ɗan birni, nuna min kaza da 'ya'yanta. Wallahi na kasa. Ita ko makarantar boko bata taɓa shiga ba amma ta san gamzaki, ta san zara, ta san idan shamuwa ta dawo ta fara gyara sheƙa a kan kuka to damina ta kusa a fara sharar gona. Ni kuma da digirina ban ma san kwanan wata nawa ba sai na duba allon waya. Na kwanta ina kallon taurarin nan har wani tsoro ya kama ni, irin tsoron da ban taɓa ji ba a cikin duk wa'azin da nake saurara da abin kunne ina tafiya ina danne-danne.

Mun haddace ayoyin da Allah yake cewa mu dubi raƙumi yadda aka halicce shi, mu dubi sama yadda aka ɗaga ta, da duwatsu da ƙasa, muna karanta su a Suratul Gashiya tun muna makarantar allo, to amma tsakani da Allah yaushe rabonka da ka tsaya ka duba ɗin? An ce duba, mu kuma mun tsaya a karantawa kawai. Ka fito daga asuba gari na wayewa tsuntsaye na ta tasbihinsu, kai kuma tun daga bakin masallaci ka buɗe data kana neman wa ya zagi wa jiya da daddare.

Kuma ni a ganina wannan rashin kallon shi ne ya haifi rashin tausayin da muke wa ƙasa. Abin da baka kallo ai baka jin ciwonsa. Duba wajen alwala a masallatan unguwa, mutum zai buɗe famfo ya barshi yana zuba yana gaisawa da wani, alhali Annabi (SAW) da mudu ɗaya yake alwala, ruwan da bai fi cikin tafi biyu ba. Ka sha fiya wata ka wullar da ledar a kwata, kai ɗaya ne a ganinka, ni ma ni ɗaya ne, haka duk layin, sai watan Agusta ya zo ruwa ya rasa hanya ya shigo ɗaki ya jiƙa katifa ya kada katangar talaka, sannan mu taru muna cewa ƙaddara ce. Eh ƙaddara ce, amma da hannunmu muka toshe magudanar. Mu ne fa muke kawo hadisin cewa kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, to shi kuma mai zuba abin cutarwar fa?

Bari na dawo kan itace don shi ya fi damuna. A gonar kakanmu da akwai gawo guda uku manya. Wanda bai san gawo ba, itace ne mai abin mamaki, da damina lokacin da kowace bishiya ke kore shi kuma sai ya zubar da ganyensa, ganyen ya zama taki, rana ta samu ta sauka kan shuka, shi yasa zaka ga geron ƙarƙashin gawo ya fi na ko'ina kai. Da rani kuma da ko'ina ya bushe sai ya yi ganye ya ba mutum da dabba inuwa, awaki su ci 'ya'yansa. Wa ya tsara masa wannan? Wannan kaɗai ya ishi mai hankali wa'azi. Bayan rasuwar tsoho aka sare biyu, kuɗin ko wata ɗaya basu yi ba, yanzu wajen rairayi ne iska na kwasa. Ba zan zagi mai yin gawayi ba, yunwa ce da tsadar gas, na sani, amma mu da muke saye a birni mu daina yi kamar buhunan nan daga sama suke faɗowa, ƙirya ce da marke ake kwantarwa.

Kuma kar wani yace ai an riga an makara. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna ba haka bane. Bayan farin 1984 ƙasarsu ta koma kamar an share, sai manoma suka fara abin da suke kira sassaben zamani, wato idan kazo sharar gona ka ga kututture ya yi tofo kar ka sare duka ka ƙone, ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ka bari ka rage sauran. Ba dashe ba ban ruwa, saiwar na nan a ƙasa da ranta dama. Da wannan kaɗai an ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Talakawa ne irin iyayenmu da adda a hannu, babu wanda ya ɗauke su hoto ranar dashe.

Mu kuwa mun iya taron dashen itace, a sa riga iri ɗaya a yi hoto a ɗora a Facebook, bayan sati biyu akuya ta cinye. Dan Allah in zaka dasa, dasa ɗaya tak, darbejiya ko mangwaro ko zogale a ƙofar gida, ka kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando, ruwan alwalarka ma ya ishe shi in ka riƙa yi a gindinsa. Hadisi ingantacce ne cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga abin da Musulmi ya dasa sadaka ce gare shi, kaga kana barci ana rubuta maka.

Ni dai kafin na baro ƙauye na koma gonar nan da safe ni da ƙanina, muka tarar ɗaya daga kututturen gawon ya yi tofo har guda bakwai. Muka bar biyu muka datse sauran, muka ɗaura musu jan tsumma don masu sharar gona su gane. Jiya ya kira ni yace sun kai masa ƙugu, sai dai ɗaya akuya ta ɗan taɓa.